Ko Da Kuɗinka: Raddi Ga Masu Cewa Dala Ce Ke Cin Zaɓe A Amurka

Da zarar kakar zaɓe ta kama a Amurka, aka fara jin irin maƙudan kuɗin da 'yan takara suka tara a labaran safe, akwai maganar da ba ta barin bakin mutanenmu: "Ai can ma kuɗi ne, wanda ya fi dala shi zai hau." Ana faɗinta a majalisar ƙofar gida, ana faɗinta a ɗakin malaman jami'a, kuma masu faɗin ba da ka suke magana ba. Zaɓen 2020 kaɗai, na shugaban ƙasa da na majalisun tarayya, ya lashe kimanin dala biliyan 14. A majalisar wakilai, cikin kowace kujera goma, kusan tara wanda ya fi kashe kuɗi ne ke ɗauka, kuma haka abin ke maimaituwa zaɓe bayan zaɓe. Tun 2010, bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United da wani hukuncin da ya biyo bayansa, attajiri na iya zuba ko nawa ya ga dama a cikin ƙungiyoyin da suke kira Super PAC, muddin dai ba hannun ɗan takara kai tsaye ya miƙa ba. Wanda ya dubi wannan ya ce kuɗi ne ke cin zaɓe, ba za a ce ya yi wauta ba.

Duk da haka ina da ja a kan maganar, kuma ja mai ƙarfi. Ban ce kuɗi ba sa aiki a siyasar Amurka ba. Suna aiki, har ma fiye da yadda ya kamata. Abin da nake musu shi ne wurin da muke zaton suna aikin. Mu rumfar zaɓe muke kallo, alhali a can ne ƙarfinsu ya fi rauni.

A fara da mutumin da ya gwada maganar a aikace, da aljihunsa. Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, ya shiga neman tikitin jam'iyyar Dimokurat a ƙarshen Nuwamban 2019. Bai nemi gudummawar kowa ba. Ya ɗauki ma'aikata fiye da 2,000, yana biyan albashin da ba a saba gani ba a harkar kamfe, ya buɗe ofisoshi a jihohin da abokan takararsa ba su ko leƙa ba. Tallansa ya cika talabijin da rediyo da Facebook da YouTube, har ya sayi minti ɗaya a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a kan kusan dala miliyan 10. Cikin wata uku da 'yan kwanaki ya kashe fiye da dala biliyan 1. Kuma da farko abin ya yi kamar zai yi: ƙuri'un jin ra'ayi suka fara nuna shi a sahun gaba. Sai aka zo muhawarar Las Vegas a ranar 19 ga Fabrairun 2020, inda ya tsaya a gaban jama'a ba tare da masu shirya masa talla ba. Sanata Elizabeth Warren ta taso shi a gaba a kan ƙorafe-ƙorafen matan da suka yi aiki a kamfaninsa da yarjejeniyoyin rufe baki da aka sa su sa wa hannu. Mutumin da aka yi kusan wata uku ana nuno shi a talla kamar ba ya kuskure, sai ga shi yana inda-inda. A ranar 3 ga Maris, Babbar Talata, jihohi 14 suka kaɗa ƙuri'a, bai ci ko ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne tsibirin Samowa na Amurka, can tsakiyar tekun Fasifik, da ƙuri'a 175, wurin da mazaunansa ba su ma da ikon zaɓen shugaban ƙasa a babban zaɓe. Washegari ya janye.

Wanda ya kwashe jihohi 10 a wannan Talatar shi ne Joe Biden, wanda a lokacin asusun kamfensa ya kusa ƙafewa. Ya sha kaye a Iowa da New Hampshire da Nevada, har an fara yi masa ta'aziyya. Abin da ya tashe shi bai shafi banki ba. Jim Clyburn, dattijon ɗan majalisa da baƙaƙen fata na Karolina ta Kudu ke jin maganarsa, ya fito ya ce shi Biden yake yi, kwana uku kafin zaɓen jihar. Biden ya ci da gagarumin rinjaye, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka mara masa baya, sai ga shi yana cin Minnesota da Massachusetts inda bai yi wani kamfen kirki ba. Maganar dattijo ɗaya da mutanensa suka yarda da shi ta yi abin da biliyan ta kasa.

Da Bloomberg kaɗai ne, da sai a ce tsautsayi ne. Amma layin yana da tsawo. Meg Whitman, tsohuwar shugabar kamfanin eBay, ta zuba dala miliyan 144 daga aljihunta tana neman gwamnan Kalifoniya a 2010, Jerry Brown ya kayar da ita da tazara mai faɗi. Jeb Bush, ɗan shugaban ƙasa kuma ƙanen shugaban ƙasa, ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara fiye da dala miliyan 100 tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya, ya ƙare da daliget 4 ya koma gida a Fabrairun 2016. A babban zaɓen shekarar, ɓangaren Hillary Clinton ya kashe kusan ninki biyu na abin da ɓangaren Donald Trump ya kashe. Kamala Harris ta tara fiye da dala biliyan 1 cikin ƙasa da wata uku a 2024, ta fi Trump kuɗin kamfe nesa ba kusa ba, ta faɗi a duka jihohi bakwai da ake kokawa a kansu. Na san za a ce Elon Musk ya zuba wa Trump fiye da dala miliyan 250 a wannan zaɓen. Gaskiya ne. Amma wata biyar bayan haka Musk ɗin ya kai ƙarfinsa zaɓen alƙalin kotun ƙolin jihar Wisconsin, shi da ƙungiyoyinsa suka kashe sama da dala miliyan 20, ya hau dandamali a Green Bay ya miƙa wa mutum biyu takardar kuɗi ta dala miliyan ɗaiɗai a gaban kyamara, kuma wanda yake goyon baya ya faɗi da tazarar kusan kashi 10 cikin 100.

To, ina aka baro tara cikin goman nan? Alƙaluman daidai suke, fassarar ce ta karkace. Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san cewa idan aka tashi, ɗan damben da ya fi kowa kisa shi ne aljihunsa ya fi nauyi. Baƙon da ya zo a ƙarshe ya tarar ana ƙirgar liƙi zai iya rantsuwa cewa kuɗi ne ke kisa, tunda kullum mai kuɗin ne mai nasara, alhali sai da aka ga hannunsa sannan aka fara liƙa masa. Majalisar wakilan Amurka kujera 435 ce, kuma waɗanda ake gwabzawa a kansu da gaske ba su wuce 'yan gomomi ba. Sauran an san mai su tun kafin a buga takardar ƙuri'a, ko don mazauna yankin kusan duk 'yan jam'iyya ɗaya ne, ko don majalisar jiha ta shata iyakar mazaɓar yadda za ta dace da jam'iyyarta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan majalisar da suka sake neman kujerarsu suna komawa. Kamfanin inshora ko ƙungiyar manoman masara da ke son a saurare su bayan zaɓe, wa za su ba gudummawa? Wanda suka tabbata zai koma. Abokin takararsa kuwa, wanda kowa ya san raka shi kawai ya yi, ko 'yan jam'iyyarsa ba sa ɓata kuɗinsu a kansa. A ƙarshe sai lissafi ya nuna mai kuɗi ya ci, alhali cin da ake hange ne ya jawo kuɗin.

Tun 1978 wani malamin kimiyyar siyasa, Gary Jacobson, ya lura da wani abu mai kama da almara: ɗan majalisar da ke kan kujera, gwargwadon yawan abin da ya kashe, gwargwadon raguwar tazararsa. Ba wai kuɗin ne ke korar masu zaɓe ba. Wanda ya ga wuta ta doso shi ne ke buɗe bakin jaka; wanda ke zaune lafiya ba ya wahalar da kansa. Shi kuwa sabon shiga, wanda ba a san sunansa ba, kowace dala tana ƙara masa wani abu, har zuwa lokacin da aka san shi. Daga nan amfaninta ya fara raguwa. Wannan ne ya sa kuɗi suka fi rashin tasiri a inda suka fi yawa. Wane Ba'amurke ne a Oktoban 2024 yake jiran talla ta gaya masa waye Trump? Kusan tara cikin goma na waɗanda ke kiran kansu 'yan Dimokurat ko 'yan Rifablikan ɗan takarar jam'iyyarsu suke zaɓa, ko da wa aka tsayar. 'Yan kaɗan da suka rage a tsakiya kuwa, farashin mai da na kayan miya da kuɗin haya sun fi yi musu magana a kan hoton da suka gani sau ɗari a talabijin.

An ma taɓa gwada tallar kamar yadda ake gwada magani. A farkon 2006 kamfen ɗin gwamnan Teksas, Rick Perry, ya yarda wasu malaman jami'a su raba tallarsa ta kimanin dala miliyan 2 ta hanyar ƙuri'a: wannan gari a sa yau, wancan a jinkirta, ana kuma bugo wa mutane waya kullum ana jin ra'ayinsu. Tallar ta ɗaga shi sosai a makon da aka sa ta. Mako ɗaya ko biyu bayan an daina, kamar ba a taɓa yi ba. Akwai kuma wani abin da masu ƙirgar jimilla ba sa lura da shi: doka ta tilasta wa gidajen talabijin su sayar wa ɗan takara lokaci a kan mafi ƙarancin farashi idan zaɓe ya ƙarato, amma ba ta ba Super PAC wannan rangwamen ba. Sau da yawa attajirin da ya bi ta ƙungiya yakan biya ninkin-ba-ninkin a kan daƙiƙa talatin ɗin da ɗan takara ya saya da araha. Ba kowace dala ce ke da nauyi ɗaya ba.

Wani lokacin ma kuɗin bin zuciya suke yi. A 2020 'yan Dimokurat daga ko'ina a ƙasar, saboda haushin Sanata Lindsey Graham, suka yi ta tura wa abokin takararsa Jaime Harrison ashirin-ashirin da hamsin-hamsin ta intanet, har ya tara dala miliyan 57 cikin wata uku, abin da ba a taɓa gani ba a takarar sanata kafin lokacin. Ya faɗi da kusan kashi 10 cikin 100. Amy McGrath ta tara wajen miliyan 90 don kayar da Mitch McConnell a Kentucky, ya ba ta tazarar kusan kashi 20. Masu ba da kuɗin a Kalifoniya da New York suke, masu ƙuri'ar kuwa mutanen jiha ne.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa maganar ta fi zama a kunnenmu. Tsarin shugaba mai cikakken iko da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi, sunayen ma iri ɗaya ne: sanata, gwamna, zaɓen fid da gwani, daliget. Sai mu ɗauka aikin ma iri ɗaya ne. Amma a zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa na 2022, daliget ɗin PDP ba su kai 1,000 ba, na APC dubu biyu da 'yan ɗoriya ne, kuma kowa ya ji labarin da ya yi ta yawo na dalolin da aka ce an raba a otal-otal na Abuja. Mutum dubu ana iya sanin sunan kowannensu da ɗakin da ya sauka. A Amurka kuwa, fiye da mutum miliyan 30 ne suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen fid da gwanin Dimokurat na 2020, kuma daliget ɗin da ke zuwa babban taro an riga an ɗaure su da sakamakon jiharsu. Biliyan ɗin Bloomberg ba hannun masu zaɓe ta shiga ba. Gidajen talabijin da kamfanonin intanet da masu ba da shawara da ma'aikata ne suka ci. Miƙa wa mutum kuɗi don ya zaɓe ka laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma ko ka miƙa ba ka da hanyar sanin abin da ya dangwala.

Ba don Amurkawa sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Lokacin da masu zaɓen suke 'yan kaɗan, su ma an saye su. Kafin 1913 majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci. A 1899 William Clark, attajirin tagulla na Montana, ya samu kujerar sanata a hannun 'yan majalisar jiharsa, aka kai ƙarar cin hanci, kwamitin majalisar dattawa ya bincika ya ce zaɓen bai inganta ba, ya yi murabus kafin a tsige shi. Bai daddara ba, ya sake komawa a 1901 ya yi wa'adinsa cur. Irin wannan abin kunya na cikin abubuwan da suka sa aka gyara tsarin mulki aka mayar da zaɓen sanata hannun jama'a. Tikitin shugaban ƙasa ma ya daɗe a hannun manyan jam'iyya. A 1968 Hubert Humphrey ya samu tikitin Dimokurat a Shikago ba tare da ya ci zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, 'yan sanda na dukan masu zanga-zanga a waje. Bayan wannan rikicin ne aka sauya dokokin jam'iyya, ƙuri'ar talakawan jam'iyya ta zama ita ce mai yanke hukunci.

Sakamakon haka shi ne manya da masu kuɗinsu sukan wayi gari an yi musu ba-zata. Eric Cantor shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai a 2014, ana ganin shi ne kakakin majalisa na gobe. Ya kashe fiye da dala miliyan 5 a zaɓen fid da gwani na mazaɓarsa a Bajiniya. Abokin karawarsa, Dave Brat, malamin tattalin arziki ne a wata ƙaramar kwaleji, abin da ya tara bai fi dala 200,000 da 'yan kai ba. Takardun da kamfen ɗin Cantor ya miƙa wa hukumar zaɓe sun nuna an kashe kimanin dala 168,000 a gidajen cin gasasshen nama, wato fiye da duk abin da Brat ya kashe har zuwa 'yan makonni kafin zaɓen. Mutanen mazaɓa suka ce Cantor ya zama ɗan Washinton, ba sa ganinsa, suka kayar da shi da kashi 11 cikin 100. A 2025 ma an ga irinta a takarar magajin garin New York. Ƙungiyar da ke goyon bayan tsohon gwamna Andrew Cuomo ta tara fiye da dala miliyan 20, Bloomberg kaɗai ya ba ta sama da miliyan 8, amma Zohran Mamdani, matashi haifaffen Kampala, ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani a watan Yuni, ya sake kayar da shi a Nuwamba, ya zama Musulmi na farko da aka zaɓa magajin garin. Sai dai a faɗi gaskiya, Mamdani ba hannu rabbana ya shiga ba. Birnin na da tsarin da ke ƙara wa ɗan takara dala 8 daga baitulmali a kan kowace dala 1 ta ƙaramar gudummawar mazauna gari, kuma wannan ne ya ba shi abin da ya isa a ji muryarsa.

A kan kalmar "isa" ɗin nan nake haɗuwa da 'yan'uwana masu wancan ra'ayi, don a nan suna da gaskiya. Ba sai ka fi kowa kuɗi ba, amma dole ka sami abin da ya isa, kuma abin da ya isa a Amurka ba kaɗan ba ne. Wanda ya ci kujerar majalisar wakilai a 'yan shekarun nan yakan kashe fiye da dala miliyan 2, sanata kuwa fiye da miliyan 20. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara kai tsaye, dala 3,300 a kowane zagaye a kakar 2024, don haka mai son tsayawa sai ya kasance yana da ɗaruruwan sanayya masu iya rubuta irin wannan adadi ba tare da sun ji a jikinsu ba. Lauya yana da su, mai kamfani yana da su. Direban bas da malamar firamare ba su da su. Ba mamaki fiye da rabin 'yan majalisun tarayya masu miliyoyi ne. Akwai zaɓen da ake yi kafin zaɓe, wanda masu ba da gudummawa kaɗai ke kaɗa ƙuri'a a cikinsa. Kamala Harris ta janye daga takarar farko a Disamban 2019 tana cewa ba ta da kuɗin ci gaba, tun kafin jiha ko ɗaya ta yi zaɓe. Waɗanda suka duba aljihu suka haƙura tun a gida kuwa, ba mai lissafinsu.

Haka nan a ƙananan zaɓukan fid da gwani, inda masu fitowa kaɗan ne kuma ba alamar jam'iyya da za ta raba gardama, kuɗi suna cizo. A 2024 ƙungiyar da ke da alaƙa da AIPAC, masu fafutukar kare muradun Isra'ila, ta kashe kusan dala miliyan 15 don kayar da ɗan majalisa Jamaal Bowman a New York, da kimanin miliyan 8 da rabi a kan 'yar majalisa Cori Bush a Missouri, dukansu masu sukar yaƙin Gaza, kuma dukansu sun faɗi. Na Bowman ana iya gardama a kai, don ya riga ya raunata kansa: majalisa ta tsawata masa a kan kunna ƙararrawar gobara a ginin ofisoshinta, abokin takararsa kuma sanannen shugaban gunduma ne, tazarar ma ta yi yawa. Na Bush kuwa tazarar ba ta kai kashi 6 cikin 100 ba, kuma ni ban isa in ce kuɗin ba su yi aiki a nan ba. Abin lura shi ne Ilhan Omar da Rashida Tlaib, waɗanda bakinsu bai fi na waɗancan sanyi ba, sun koma kujerunsu a shekarar. Masu kuɗin ma suna duba inda katanga ta tsage kafin su sa ƙarfi. Amma saƙon ya isa ga sauran 'yan majalisa, kuma mai yiwuwa saƙon ne ainihin abin da aka saya.

Wannan ya kawo mu inda nake ganin ya kamata idonmu ya koma, wato bayan an rantsar. Doka ta hana ɗan majalisa roƙon gudummawa daga ofishin gwamnati, don haka sukan fita su taka zuwa ginin jam'iyya da ke kusa, a ba mutum ɗan ƙaramin ɗaki da waya da jerin sunaye, wani yaro na gefe yana miƙo masa takarda: ga sunan mutumin, ga sana'arsa, ga abin da ya bayar bara. Wani jadawali da kwamitin kamfen ɗin Dimokurat ya nuna wa sababbin 'yan majalisa, wanda ya fita a jarida a 2013, ya ba su shawarar awa huɗu a kowace rana a kan wannan aiki. Mutumin da ke shafe awa huɗu kullum yana sauraron damuwar masu hannu da shuni, ko ba a ba shi cin hanci ba, damuwarsu za ta zame masa ita ce damuwar ƙasa. Wasu masu bincike biyu, Joshua Kalla da David Broockman, sun gwada wannan. Wata ƙungiya ta nemi ganawa da ofisoshin 'yan majalisa 191 a kan wani ƙudiri. A wasu wasiƙun aka ce masu zuwa mutanen mazaɓa ne, a wasu aka ƙara da cewa masu ba da gudummawar siyasa ne. Mutanen iri ɗaya ne, buƙatar iri ɗaya. Inda aka ambaci gudummawa, samun ganin ɗan majalisar da kansa ko manyan hadimansa ya ninka sau uku zuwa huɗu. Ban da wannan, kamfanoni da ƙungiyoyi na kashe fiye da dala biliyan 4 a kowace shekara a kan masu kamun ƙafa a Washinton, ko ana zaɓe ko ba a yi.

Abin da ake samu da wannan kuɗi ba ya fitowa a allon sakamakon zaɓe. Yakan zama jimla ɗaya ce a shafi na ɗari da wani abu na wata doka. A 2003 majalisa ta yi dokar da ta sa shirin lafiyar tsofaffi na Medicare ya fara biyan kuɗin magani. An fara kaɗa ƙuri'a a majalisar wakilai da ƙarfe uku na dare, ƙuri'ar da aka saba gamawa cikin minti 15 aka bar ta a buɗe kusan awa uku ana lallashin masu taurin kai, har ta wuce da 220 da 215 da asuba. A cikin dokar akwai sakin layin da ya hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani a kan farashi, duk da cewa shirin na cikin manyan masu biyan kuɗin magani a duniya. Ba wani ɗan takara da ya hau dandamali ya yi wa tsofaffi alkawarin wannan sakin layi, ba kuma wanda aka zaɓa dominsa. Billy Tauzin, shugaban kwamitin da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen dokar, ya bar majalisa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magani a farkon 2005, a kan albashin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 2 a shekara. Shugabanni daga jam'iyyun biyu sun zo sun wuce, wasunsu da alkawarin gyarawa, haramcin yana nan. Sai a 2022 aka sassauta shi, shi ma a kan 'yan magunguna kaɗan, kuma farashin da aka daidaita a kan guda 10 na farko an tsara ya fara aiki ne a 2026.